Bindigar Ƙugu a Dajin Masu Farce

Duk wanda ya san bindiga ya san cewa ƙaramar da ake ratayawa a ƙugu ba ta kai doguwa ƙarfi ba, ba ta kai ta nisa ba, kuma ta fi ta wuyar saiti. Amma kusan shekara 200 ke nan mutanen da aiki ke kai su cikin namun daji masu kisa ba su rabu da ita ba, daga Indiya har Alaska da Girinlan. A ganina tarihin wannan al'ada abu ɗaya yake nunawa: darajar ƙaramar bindiga tana cikin kasancewarta a jiki sa'ad da doguwar ta yi nisa ko ta zama fanko. Duk lokacin da maƙera da masu saye suka manta da wannan, sai su ɓata abin da suke son gyarawa.

Matsalar ta riga maganin fitowa. A ranar 14 ga Yuni 1805, Meriwether Lewis, ɗaya daga cikin jagororin ayarin da gwamnatin Amurka ta tura binciken yammacin ƙasar, ya harbi ɓauna kusa da gangaren kogin Misuri, ya tsaya kallonta bai sake ɗura bindigarsa ba. Sai ga beyar irin ta girizli, ƙatuwar dabba mai gashi da dogayen farata, ta matso shi har taku 20. Bindigar zamanin ta ɗuri ce, harbi ɗaya sai a sake cusa albarushi ta baki. Kogi ya faɗa, ya juyo da mashi a hannu, dabbar kuma ta juya don kanta. Wata guda kafin nan mutanensa shida sun taru a kan beyar ɗaya, sai da harsashi takwas ya ratsa ta kafin ta faɗi. A tazarar da ke tsakanin harbin farko da na biyu ake mutuwa, kuma wannan tazarar aka ƙera ƙaramar bindigar daji don ta cike.

A Indiya ta ƙarni na 19 aka fi ganin haka a fili. Turawan mulki da sarakunan ƙasar suna farautar damisa mai ratsi-ratsi daga cikin hauda, akwatin zama da ake ɗaurawa a bayan giwa. Damisar da aka raunata takan yi tsalle ta ɗare giwar, a nan kuwa doguwar bindiga ba ta da wurin juyawa. Sai maƙeran Landan, irin su gidan Lancaster, suka riƙa ƙera gajeriyar bindiga mai faɗin baki, mai baki biyu ko huɗu. Ba a yi ta don farauta ba, ba a kuma damu da saitinta a nesa ba. Matsayinta ɗaya da na wuƙar damtse a wurin maharbinmu: ba da ita ake fita nema ba, ranar da nama ya hau mutum ake tunawa da ita.

Amurka ce ta karkatar da tarihin zuwa gasar ƙarfi. A 1935 harsashin .357 Magnum ya fito, a 1955 kuma kamfanonin Remington da Smith & Wesson suka fitar da .44 Magnum, bayan shekarun da Elmer Keith, makiyayi kuma marubuci daga jihar Idaho, ya yi yana matsa musu. Libarbar da ke harba wannan harsashi ta zama abokiyar tafiyar masunta da masu ɗana tarko a Alaska, kuma da dalili: mai riƙe da ƙugiya ko gatari hannayensa biyu a cike suke, doguwar bindigarsa tana jingine jikin bishiya. Sai dai gasar ba ta tsaya nan ba. A 2003 aka kai ga .500 Magnum, libarbar da nauyinta ya kai wajen kilo 2, wadda shurinta ke hana mutane da yawa maimaita harbi da sauri. Bindigar da nauyi ya sa aka bari a jaka, ko tsoron shurinta ya hana mai ita horo, ta rasa abin da aka saye ta dominsa. Beyar tana gudun fiye da kilomita 50 a awa, ba ta jiran a kwance jaka. Shi ya sa zaɓin sojojin Denmak masu sintirin Sirius a arewa maso gabashin Girinlan ya fi burge ni: doguwar bindiga a keken da karnuka ke ja, ƙaramar bindiga Glock mai harsashin milimita 10 a jiki.

Masu kare ƙaramar bindiga suna da hujjar da suke ɗagawa. A 2012 Tom Smith da Stephen Herrero da abokan aikinsu sun buga nazarin arangama 269 tsakanin masu bindiga da beyar a Alaska, daga 1883 zuwa 2009. Ƙaramar bindiga ta tsayar da dabbar a kashi 84 cikin 100, doguwa a kashi 76. To, ashe ƙaramar ta fi? A'a. Lokuta 37 kacal aka ƙirga mata, masu nazarin da kansu ba su ɗauki bambancin a bakin komai ba, kuma abin da ya shiga takarda ne kawai ake ƙirgawa. Abin da ya fi nauyi a binciken shi ne, yawan jin rauni bai bambanta ba tsakanin waɗanda suka harba da waɗanda ba su harba ba. Dalilan gazawa su ne rashin lokaci, cijewar bindiga, kuskuren saiti, da dabbar da ta riga ta iso. Yawancinsu maganar shiri ce da saurin hannu, ba ta girman harsashi ba.

Daga ɗaya gefen kuma ana cewa zamanin ƙaramar bindiga ya wuce, tunda an samu feshin barkono a shekarun 1980 daga gwaje-gwajen Jami'ar Montana. Nazarin da su Smith suka buga a 2008 ya nuna feshin ya dakatar da beyar mai ruwan ƙasa a kashi 92, kuma kashi 98 na masu ɗauke da shi sun fita ba rauni. Wannan hujja ce mai ƙarfi, ga mai yawon buɗe ido da bai saba da kunamar bindiga ba ma ita ce ta yanke magana. Amma nazarin biyu ba ma'auni ɗaya suka bi ba, iska takan maido feshi kan mai shi, kuma gwangwani ɗaya daƙiƙu kaɗan yake yi. Nasarar feshin ma daga tushen nan take: ba shi da nauyi, yana ƙugu, ba ya neman ƙwarewar saiti. Doka ita ma ta sauya lissafin. Tun 1975 girizli na cikin dabbobin da ake karewa a jihohin Amurka da ke kudu da Kanada, kuma ko da aka halatta shiga gandun dajin ƙasa da bindiga a 2010, harbawa a wuri kamar Yellowstone haramun ne. A Alaska, wanda ya kashe beyar don kare ransa dole ya kai rahoto, ya feɗe ta, ya miƙa fatar da ƙoƙon kan ga hukuma.