Harouna Doula, ɗan gida

Ina ɗan yaro a Dogon Dutsi, a watan Oktoba na 2010, munka taru gaban telebijin ɗin maƙwabta. Mena ta ci Masar 1-0 a Yamai, Moussa Maâzou ne ya jefa ƙwallon. Masar fa, mai kofin Afirka uku a jere! Tun ran nan na riƙe sunan mai horaswarmu, Harouna Doula.

Shi ya fara kai Nijar gasar kofin Afirka, ta 2012, ya bar Masar da Afirka ta Kudu a gida. CAF ta zaɓe shi gwarzon mai horaswa na 2011. To, sai me? Ana shirin tafiya anka haɗa shi da Bafaranshe, Rolland Courbis, wai "mai ba da shawara". Da Gabon ta ci mu 2-0, sai mai shawara ya zama mai gida. Sauran wasanni biyun ma anka cinye mu.

Doula bai yi zuciya ba. A 2023, a Aljeriya, ya kai ƴan wasan cikin gida wasan kusa da na ƙarshe na CHAN. Ƴan uwa, ɗan gida sau nawa zai gwada kansa kafin a yarda da shi?