Daga Kafanchan 1987 Zuwa Maganar 'Yan Daudu



Rikicin Kafanchan na watan Maris 1987 a makaranta ya fara, a Kwalejin Ilimi, tsakanin ɗalibai. Cikin 'yan kwanaki wutar ta kai Kaduna da Zariya da Funtuwa da Katsina. A 1992 kuma gardamar sauya wa kasuwa wuri ta zama kisa a Zangon Kataf, a Fabrairu sannan a Mayu. Iyayenmu sun san yadda ake yi: a laƙaba wa mutane suna, a ce su ba 'yan ƙasa ba ne, sai jininsu ya yi arha.

Shi ya sa nake so mu dubi wasu da ake laƙaba wa suna a yau. 'Yan daudu tsofaffi ne a ƙasar Hausa. Ana danganta sunansu da bori, kuma sun daɗe suna sayar da abinci da soyayyar kaza a tashoshi da kasuwanni, inda fatake ke sauka. Wani masani Ba'amurke, Rudolf Gaudio, ya yi bincike a kansu a Kano, ya fitar da littafi a 2009. Ya nuna cewa wasunsu na neman maza, wasu kuma suna da mata da 'ya'ya. Ana yi musu ba'a, amma ana cin abincinsu, ana zaune da su a unguwa ɗaya.

Bayan Shari'a daga 2000, da dokar da Shugaba Jonathan ya sa wa hannu a Janairu 2014 mai ɗaurin shekara 14 kan auren jinsi, al'amura sun tsananta. A wannan watan jama'a suka yi ta jifan kotun Shari'a a Bauchi saboda waɗanda ake zargi da luwaɗi. A Fabrairu, a Gishiri da ke Abuja, aka fito da samari daga gidajensu aka lakaɗa musu duka. Zargi kawai ya ishi taro.

Ba na neman kowa ya sauya fahimtarsa ta addini. Amma malamanmu sun koya mana haramcin leƙen asirin mutane da na ƙazafi, kuma hukunci na alƙali ne, ba na 'yan sanduna ba. Sashe na 34 na tsarin mulkin 1999 ma ya kare mutuncin kowane ɗan Adam.

Wannan ya kamata a koya wa ɗalibai, a boko da Islamiyya: kada a yi wa yaro ihu don tafiyarsa ko muryarsa, kada a doki yarinya don jita-jitar maɗigo a ɗakin kwana. A haɗa musu da labarin 1987 da 1992, su ga inda ihun taro ke kaiwa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Allah ya zaunar da mu lafiya. Wassalam.