Taurin Kiɗa da Wurin Saurare: Nazari kan Faya-fayen Mdou Moctar

Akwai wata fahimta da ta yaɗu tsakanin masu sharhin kiɗa, cewa mawaƙi yakan tsananta sautinsa ne idan ya kuɓuta daga hannun kamfani ya fitar da faifansa da kansa, tunda a lokacin babu mai ce masa ya sassauta saboda kasuwa. Tarihin Mdou Moctar, bahagon makaɗin gita daga Abzinawan jihar Tawa a Nijar, ya saɓa wa wannan fahimta. Abin da ke yanke taurin kiɗa ko laushinsa shi ne wurin da ake sauraren sa, fiye da sunan wanda ya buga faifan.

Faifansa na farko, Anar, a Sakkwato ya naɗe shi a 2008, babu kamfani a bayansa. Duk da wannan 'yanci, faifan mai laushi ne: ganga ta na'ura, gita a hankali, da murya da aka sirantar da kwamfuta irin ta waƙoƙin finafinan Kano na wancan zamani. Dalilin a fili yake. Waƙoƙin sun bazu ne daga waya zuwa waya ta Bluetooth da katin memori, kuma ƙaramar lasifikar waya ba ta ɗaukar rugugin gita, sai ta mayar da shi hayaniya, alhali siririyar murya tana fita tsaf. Ta wannan hanya ce Christopher Kirkley ya ji waƙar Tahoultine, ya saka ta a kundin da kamfaninsa Sahel Sounds ya fitar a 2011. Sautin nan mai ƙarfi da duniya ta san Mdou da shi ya bayyana sosai ne a Ilana, wanda aka naɗa a Detroit tare da cikakkiyar ƙungiya, ya fito a 2019, sannan Afrique Victime a 2021 da Funeral for Justice a 2024, su biyun a ƙarƙashin kamfanin Matador na Amurka.

Mai suka zai ce ai wannan jeri ya tona asiri: ya taurara kiɗan ne don ya burge Turawa masu son rok, ga Ba'amurke Mikey Coltun yana kaɗa masa gitar bes yana kuma tsara faya-fayen, shi kansa Mdou bai ɓoye sha'awarsa ga salon Eddie Van Halen ba. Sukar tana da ƙamshin gaskiya, domin situdiyon Amurka ya ba shi kayan aikin da babu su a Sakkwato. Sai dai ta tsallake dandalin biki. A Agadas makaɗan gita sun daɗe suna wasa a fili, da janareta da amsa-kuwwar da aka ƙure har tana tsagewa, mai ganga yana ƙara sauri gwargwadon zafin masu rawa. Duk wanda ya saurari faifan Group Inerane na 2007 ko na Group Bombino na 2009 ya san wannan kaushi ya riga Matador zuwa. Shi ma faifan Mdou mai suna Afelan, wanda aka naɗa kai tsaye a Tchintabaraden ya fito a 2013, yana ɗauke da shi. Abin da ya sauya a 2019 shi ne faifan situdiyo ya fara ɗaukar abin da 'yan biki suka saba ji.

Wasu kuma sun danganta taurin ga fushi: uraniyom ɗin Arlit da kamfanin Faransa ya haƙa shekara da shekaru yayin da ƙauyuka ke kwana cikin duhu, da kuma fargabar gushewar harshen Tamashek. Waƙoƙin suna magana a kan waɗannan, babu shakka. Amma juyin mulkin Nijar na Yulin 2023 ya riski ƙungiyar a Amurka, ta kasa komawa gida nan take, sai ta sake naɗar waƙoƙin Funeral for Justice da gita marar lantarki, aka fitar da su a 2025 da sunan Tears of Injustice. Kalmomin ba su rasa kaifinsu ba, ɗaki ne kawai ya maye gurbin dandali. Ya kamata manazartan kiɗan Sahel a jami'o'in Yamai da Kano su je filayen bikin Agadas su naɗi abin da ake kaɗawa kafin su yanke hukunci daga kundin kamfanoni.