ƘARFE ƊAYA BA YA AMO: TARIHIN MASU SHA'AWAR ƘIRA A AMURKA DA YADDA SUKA RIƘE JUNA

Duk wanda ya yi ƙuruciyarsa a gida kafin neman ilimi ko neman abinci ya kai shi birni, ba zai rasa tuna rumfar maƙera ba, musamman idan damina ta kawo kai. Ga yaro ya duƙufa a kan zugazugi, ga maƙeri ya kama jan ƙarfe da awartaki ya ɗora a kan uwar maƙera, ga ƙaninsa ya ɗaga masaba yana jiran ishara, sa'an nan ga manoma zaune a gefe, kowa da fartanyarsa ko garmarsa, ana taɗi har a zo kansa. A wurinmu ƙira gado ce, kuma hanyar cin abinci ce. Saboda haka mai karatu zai yi mamaki idan ya ji cewa akwai ƙasar da likita da lauya da malamin makaranta suke tuɓe rigar aiki ranar Asabar, su hura wuta su kama guduma, ba tare da an biya su ko sisin kwabo ba. A wannan fitowa ta bana na ga ya dace in kawo wa 'yan uwa tarihin waɗannan mutane, domin su ne suka tsamo ƙira daga bakin kushewa a Amurka, kuma hanyar da suka bi, wato riƙe juna, abar lura ce ga duk wanda ya baro gida.

Yadda wutar ta kusa mutuwa

A ƙarni na 19 da wuya a sami ƙauye a Amurka wanda babu maƙeri a cikinsa. Shi yake yi wa dawaki takalmin ƙarfe, shi yake gyara garmar noma da ƙafafun keken doki, shi yake ƙera sarƙa da gatari da maratayin ƙofa. Daga baya masana'antu suka shiga fitar da irin waɗannan kaya da yawa, kuma da araha. A shekarar 1908 kamfanin Ford ya fito da motar da talaka zai iya saya, tarakta kuma ta biyo baya ta shiga gonaki. A wajen 1920 dawaki da alfadaran da ke gonakin Amurka sun kai kimanin miliyan 25, amma kafin 1960 sun ragu zuwa kimanin miliyan 3. Da doki ya tafi, sai ya tafi da abincin maƙeri. Wasu suka mayar da rumfunansu garejin gyaran mota, wasu suka koma walda, wasu suka rufe ƙofa suka nufi birni.

Hatta masu ƙirar ado, waɗanda suke yi wa bankuna da jami'o'i da majami'u ƙofofi da shingaye, ba su tsira ba. Shahararren cikinsu shi ne Samuel Yellin na birnin Filadelfiya, wanda a ƙarshen shekarun 1920 ma'aikatan maƙerarsa suka haura 200. Karyewar tattalin arziki da ta faro a 1929 ta tsayar da manyan gine-gine, ma'aikatan suka watse sai kaɗan, shi kuma ya rasu a 1940. Lokacin Yaƙin Duniya na Biyu an yi ta tara tsoffin ƙarafa ana narkarwa don ƙera makamai, uwayen maƙera da dama suka bi ta nan. Zuwa shekarun 1960 abin da ya rage shi ne tsofaffi jefi-jefi, kowa a lungunsa, babu ɗan koyo a gabansa, kuma kowannensu yana ɗaukar cewa da shi sana'ar za ta ƙare.

Taron Lumpkin

Mutumin da ya fara tattara abin da ya saura ba maƙeri ba ne ta gado. Sunansa Alex Bealer, ma'aikacin harkar tallace-tallace a birnin Atlanta, wanda sha'awa kawai ta ja shi zuwa ga ƙira. Ya yi shekaru yana bin tsofaffin maƙera, yana tambaya, yana gwadawa da hannunsa, yana zana kayan aiki. A 1969 ya wallafa littafinsa mai suna The Art of Blacksmithing, da niyyar adana labarin sana'ar da yake gani ta kama hanyar ɓacewa. Abin da bai zata ba shi ne wasiƙun da suka riƙa zuwa masa daga sassa dabam-dabam na ƙasar, daga mutanen da suke ƙira a bayan gidajensu, kowa yana zaton shi kaɗai ne mai wannan sha'awa. A 1970 kuma wani maƙeri mai suna Frank Turley ya buɗe makarantar koyon ƙira a Santa Fe, wani malamin jami'a mai suna Brent Kington ya shirya taron ƙara wa juna sani a kan ƙira a Carbondale ta jihar Illinois.

A watan Maris na 1973 Bealer ya kira taro a Westville, wani ƙauyen tarihi da a lokacin yake a garin Lumpkin na jihar Jojiya. Waɗanda suka amsa kiran ba su da yawa. Akwai tsofaffin da suka ci abinci da guduma, akwai malaman zane, akwai samarin da ba su taɓa ganin gwani yana aiki ba. Aka hura wuta, kowa ya nuna abin da ya iya. Kafin a watse, wani saurayi mai suna Dimitri Gerakaris ya kawo shawarar kada a bar zumuncin ya tsaya a nan. Mutum 20 da 'yan kai suka rubuta sunayensu, aka kafa ƙungiyar maƙeran Arewacin Amurka wadda aka sani da ABANA, ta kuma fara buga mujallarta mai suna The Anvil's Ring. Cikin shekarun da suka biyo baya membobinta suka kai dubbai, ƙananan ƙungiyoyi masu alaƙa da ita suka bazu a jihohi, maƙeran Birtaniya su ma suka kafa tasu a 1978.

Babban abin da taron ya sauya shi ne al'adar ɓoye sani. A da, maƙeri yakan juya wa baƙo baya idan zai haɗa ƙarfe biyu a wuta, ko zai yi wa wuƙa wanka don ta yi ƙarfi, saboda sirrin nan shi ne jarinsa. Waɗannan sababbin maƙera, da yake yawancinsu suna da albashinsu a wani wuri, ba su da abin da za su yi hasara idan suka koya wa wani. Sai suka mai da shi ƙa'ida cewa duk abin da mutum ya sani ya baje shi a fili.

Dattawan da suka buɗe hannu

Wannan hali ya taɓa zuciyar dattawan da suka rage. Francis Whitaker, wanda aka haifa a 1906, ya yi koyo a hannun Yellin yana yaro, sa'an nan ya ƙaro sani a Balin ta ƙasar Jamus. Ya halarci babban taron maƙera na 1976 a Carbondale yana da kusan shekara 70, ya ga ɗimbin matasa masu ƙishirwar sanin abin da ya ɗauka babu mai so. Daga nan ya ba da sauran rayuwarsa ga koyarwa, yana yawo daga wannan maƙera zuwa waccan, daga bisani ya kwashe kayan aikinsa ya kai wata makaranta a jihar Colorado don yara su amfana. Gwamnatin Amurka ta karrama shi a 1997, ya rasu a 1999.

Haka kuma akwai Philip Simmons, baƙar fata ɗan birnin Charleston, wanda aka haifa a 1912. Yana da shekara 13 ya shiga koyo a wurin wani dattijo, Peter Simmons, wanda aka haifa cikin bauta, kuma sunan ne kawai ya haɗa su, babu dangantakar jini. Da aikin keken doki ya ƙare, Philip ya koma ƙera ƙofofi da shingaye na ado, ya bar wa birninsa ayyuka sama da 500. Har tsufansa rumfarsa a buɗe take ga 'yan makaranta da masu son koyo, kuma ya bar aikin a hannun danginsa da ya horar kafin rasuwarsa a 2009.

Zaman maƙera da ɗaukar nauyin juna

Mai karatu zai so ya san yadda rayuwar waɗannan ƙungiyoyi take. Bisa al'ada sukan haɗu sau ɗaya a wata ko makamancin haka, a maƙerar ɗaya daga cikinsu, kowa ya zo da abincin da za a ci tare. Wanda ya ƙware ya yi aiki a gaban jama'a, sabon shiga a ba shi guduma a tsaya a kansa har ya ƙera ƙugiya ko ƙusa ta farko. Tun da uwar maƙera tana da tsada, sukan nuna wa mai farawa yadda zai yi amfani da guntun ƙarfen layin dogo, ya haɗa murhu da tsohon kaskon birkin mota, ya samo ƙarfe mai kyau daga tsohon sifirin, kamar dai yadda maƙeranmu suke yi da ƙarafan tsoffin motoci. Akwai kuma wata al'ada da ba a rasa ta a taronsu: kowa ya kawo wani abu kyauta, ko awartaki ko magagari ko buhun gawayi, a sayi tikiti a yi ƙuri'a, kuɗin da aka tara ya shiga asusun ƙungiya. Daga irin wannan asusu ake biya wa wani kuɗin zuwa makarantar ƙira, da sharaɗin idan ya dawo ya koya wa sauran.

Ƙira aiki ne mai haɗari, domin ƙarfen da ake duka zafinsa yakan kai digiri 1,000 ko fiye. Akwai ƙuna, akwai kurumta, akwai ciwon kafaɗa da gwiwar hannu, akwai hayaƙin da ke tashi daga ƙarfen da aka shafa wa sinadarin hana tsatsa, wanda yake kwantar da mutum, shi ya sa tsofaffin hannu ba sa gajiya da gargaɗi a kansa. Idan gobara ta cinye rumfar wani, 'yan uwansa sukan haɗa masa guduma da awartaki daga nasu. Idan ciwo ya kwantar da wani, akan ƙera kaya a yi gwanjonsu a kai wa iyalinsa kuɗin. Idan kuwa rasuwa aka yi, abokan mamacin sukan je su tantance wa matarsa darajar kayan da ya bari, don kada dillalai su saye su a banza. Bayan yaƙe-yaƙen Iraƙi da Afganistan an sami maƙeru da aka buɗe musamman don tsofaffin sojojin da suka dawo da damuwa a zukatansu. Mutumin da ba zai iya zama ya faɗi abin da ke cin ransa ba, yakan iya tsayawa kusa da ɗan uwansa a gaban wuta, ɗaya ya riƙe ƙarfe ɗaya ya buga, har bakinsa ya buɗe a hankali.

Wannan zumunci ya ƙetare teku. Ranar 7 ga Fabrairu, 2009, gobarar daji ta halaka mutum 173 a jihar Victoria ta ƙasar Ostareliya, ƙauyen Strathewen kuma yana cikin waɗanda abin ya fi shafa. Ƙungiyar maƙeran jihar ta roƙi duk mai guduma ya ƙero ganye ɗaya na ƙarfe. Ganyaye fiye da 3,000 suka zo daga ƙasashe sama da 20, da yawa ɗauke da sunayen waɗanda suka rasu ko saƙon ta'aziyya. Aka harhaɗa su aka yi bishiya mai tsawon kusan mita 10, aka kafa ta a Strathewen a 2014. Haka aka yi a Norwe bayan harin 22 ga Yuli, 2011, wanda ya ci rayuka 77: maƙera daga ƙasashe da dama, tare da wasu daga cikin iyalan mamatan, suka ƙera furanni na ƙarfe kimanin 1,000, aka kafa su a birnin Oslo a 2019.

Abin da ya shafe mu

Abin da mutanen Lumpkin suka sha wahala kafin su gina, mu mun tashi mun tarar da shi. Maƙeranmu suna da Sarkin Maƙera mai sasanta su, suna da kiɗan dundufa, suna da gudummawar biki da ta jaje, kuma ɗa yana koyo a gaban mahaifinsa tun yana jan zugazugi. Tarihin Kano ma bai cika ba sai an ambaci masu narkar da tama a gindin Dutsen Dala. Amma duk wanda ya je gida kwanan nan ya ga yadda walda da kayan masana'anta suke cin kasuwar maƙera, ya kuma ga 'ya'yan maƙera da yawa sun zaɓi wata sana'a, kuma babu mai ganin laifinsu. Narkar da tama ta riga ta zama labari, sauran sanin kuma yana hannun dattawan da shekaru suka ja.

Bealer ma'aikacin ofis ne a birni, kamar yawancin masu karanta wannan mujalla, kuma bai fara da wani jari ba illa zuwa wurin tsofaffi da alƙalami da takarda. Saboda haka ina roƙon 'yan uwa, idan Allah Ya kai mu hutun Sallah, kowa ya ware yini ɗaya ya ziyarci rumfar maƙera. A gaishe su, a tambayi lafiyar waɗanda ciwo ya kwantar, a rubuta sunayen kayan aiki da na magabatansu, a ba su aikin da za a biya su da daraja, a kuma tafi da yaran da aka haifa a birni su ga yadda ake ƙera laujen da kakansu ya yi yankan ciyawa da shi. Masu iya magana sun ce zumunta a ƙafa take. Allah Ya jiƙan magabatanmu, Ya albarkaci sana'ar waɗanda suke raye.