Ruwan Sama Na Wane Ne?

Ya kai mai karatu, in hadari ya taso, uwargida takan aje randa ƙarƙashin indararo, ba ta tambayi kowa ba. To, ka san akwai inda wannan aiki ya taɓa zama laifi? Wurin shi ne jihar Kolorado, a yammacin ƙasar Amurka.

Ga mafarin zancen. A shekara ta 1859 mutane suka yi ta kwarara zuwa Kolorado neman zinariya, manoma suka biyo bayansu. Ƙasar tana da ƙarancin ruwa, gulabe ba su isar kowa. Don a kashe rigima sai aka yi doka: wanda ya fara jan ruwan gulbi zuwa gonarsa ko wurin aikinsa, shi ke gaba, na baya sai ya jira. A 1876 aka sa wannan doka cikin tsarin mulkin jihar.

Ina ruwan mai gida da wannan? Hukuma ta ce ruwan da ya sauka bisa rufin ɗakinka, gulbi ya nufa. In ka tare shi, ka ci rabon manomin da ke can ƙasa.

Haka aka zauna fiye da shekara 100. A 2007 masana suka auna a gundumar Duglas. Suka tarar kashi 97 cikin 100 na ruwan sama ba ya kai gulbi: rana ta shanye, ko tsirrai su sha. A 2009 aka sassauta wa waɗansu mutanen karkara masu rijiya, amma sai sun nemi takardar izini.

A 2016 gwamnan jihar ya sa hannu ga sabuwar doka. Ta yarda mai gida ya aje ganga biyu ba tare da takarda ba, amma duka kada su wuce wajen lita 416. Dole gangar ta zama da marufi. Ruwan kuma na ban ruwan shuka ne a gidan, ba na sha ba.

Ka ga dai, tsoron rashi ne ya haifi dokar, awo kuma ya gyara ta. Kai da ba a ƙayyade maka ganga ba, gyara indararonka tun damina ba ta faɗi ba, ka kuma rufe randarka saboda sauro.