Lissafin da ya jira shekara 90 kafin a ga hotonsa

A 1934, Eugene Wigner, ɗan asalin Hungari mai koyarwa a jami'ar Princeton ta Amurka, ya yi wani lissafi a kan elektaron, ƙananan ƙwayoyin da ke ɗaukar wutar lantarki. Cikin ƙarfe kullum yawo suke, suna kuma korar juna. Wigner ya ce idan suka yi ƙaranci, sanyi kuma ya tsananta, korar za ta rinjayi yawon, kowace ta tsaya wurinta a jere, kamar ramukan shukar gero.

A lokacin babu na'urar gwada maganar. Sai a 1979 Grimes da Adams suka ga alamarta a kan ruwan iskar heliyom mai tsananin sanyi. Wigner ya rasu a 1995 bai ga hoton jeren ba. A 2024 ne masu bincike a Princeton suka ɗauko shi cikin falle biyu na girafin, wani siririn nau'in kabon.

Iyaye kan tambaye mu, mu malamai, amfanin lissafin da yaro ke koyo a lakwal, tun bai gama kolej ba. Su ne nake ba wannan labari, in roƙe su kada su cire yaron saboda gaggawa.