Ƙarfen da Sanyi Ya Karya

A maƙerar kakana da ke Wurno, garin da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya yi ribaɗi kuma aka binne shi a 1837, na fara jin cewa da zafi-zafi ake bugun ƙarfe. Manoma daga Rabah da Goronyo sukan kawo masa galma da lauje, ya zuga wuta har ƙarfen ya yi jajir, ya sarrafa shi yadda ya so. Tarihin maƙeranmu kaf tarihin wuta ne. Hunturun kwarin Rima, duk da yakan tsage ƙafa, bai taɓa daskarar da ruwan randa ba, balle ya gwada ƙarfe. Sai da na je jami'a na san cewa sanyi ma yana da nasa hukuncin.

A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, Amurka ta ƙera jiragen ruwa na dakon kaya 2,710 da ake kira Liberty, ta hanyar walda maimakon ƙusoshi, saboda gaggawa. Da yawansu suka riƙa tsagewa a tekun Atlantika mai tsananin sanyi. Ranar 16 ga Janairu 1943, wani jirgin dakon mai da aka ƙera da irin wannan walda, Schenectady, ya rabe gida biyu yana tsaye a tashar Portland, ba igiyar ruwa, ba harin maƙiyi. Aka yi ta ɗora wa masu walda laifi, kamar yadda aka saba ɗora wa mai aikin hannu. Constance Tipper ta Jami'ar Kambirij ce ta nuna cewa aibun yana cikin ƙarfen kansa. Ƙwayoyin zarrar ƙarfe jere suke sahu-sahu, kuma idan aka danne su sahun yakan zame bisa ɗan'uwansa, shi ne lanƙwasawa. A cikin baƙin ƙarfe, sanyi yana hana wannan zamewa, sai ya fashe kamar tulu. Walda kuwa ta haɗe jirgin ya zama faranti guda, tsagar ta rasa inda za ta tsaya.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne tagulla da azurfa, kayan maƙeran fari da kakana yake yi wa dariya da cewa ado ne na mata, jerin ƙwayoyinsu daban ne, sanyi ba ya karya su. Sinadarin nikel ma haka yake, shi ya sa ake gauraya kashi 9 cikin 100 nasa a ƙarfen tankunan iskar gas da aka mayar ruwa a digiri 162 ƙasa da sifili, irin wadda Nijeriya take fitarwa daga Bonny tun 1999. A 2014 masana a Amurka suka gwada wani haɗin ƙarafa biyar a digiri 196 ƙasa da sifili, suka iske ƙarfi da juriya ma ya ƙara.

Da na kawo wa kakana wannan labari, ya daɗe yana juya guduma a hannunsa, sannan ya tambaye ni ko an nemi afuwar masu waldar.